Gado, Liƙi ko Haya: Ina Za Ka Ajiye Kod Ɗin da Azuzuwa da Yawa ke Buƙata?

Wata safiya a watan Disamba, cikin sanyin nan na Jos da ke sa yatsu su ƙi bin allon rubutu, ƙanena ya juyo mini da kwamfutarsa ya ce, "Yaya, duba nan. Sau uku ke nan ina kwafe abu ɗaya." Manhaja muke haɗa wa wasu dillalan kayan gwari da ke harka a kasuwar Farin Gada, masu karɓar tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa daga hannun manoman wajajen Bokkos da Mangu, su ɗora a mota zuwa Kudu. Da yaren PHP muke rubutawa, a kan Laravel, wato wani shiryayyen tsari na gina manhajojin yanar gizo da PHP. Akwai ajin Manomi, akwai na Dillali, akwai na Direba, kuma kowannensu buƙatarsa ɗaya ce: a daidaita lambar wayarsa, a tura masa saƙon tes in kaya sun tashi ko kuɗi sun shiga, a rubuta wanda ya taɓa bayaninsa da lokacin da ya taɓa. Layi wajen arba'in, iri ɗaya sak, a wuri uku.

Ba sai na gaya masa illar kwafe ba, jiki magayi. A makon da ya gabata ya gyara wani kuskure a ajin Manomi ya manta da na Direba, direbobi suka kwana biyu saƙo ba ya isa gare su. Abin da yake tambaya shi ne inda zai mayar da layukan. Hanyoyin da aka saba bi uku ne. Ni a bakina gado, liƙi da haya nake kiransu, sannan akwai ta huɗu da ake yawan tsallakewa saboda sauƙinta. Ga wanda bai daɗe da fara koyo ba: aji kamar injin buga bulo ne, kowane bulo da ya fito daga cikinsa abu ne guda mai zaman kansa, da nasa bayanan. Maganarmu a kan yadda injuna daban-daban za su yi tarayya a aiki ɗaya ne ba tare da an sake ƙera shi a kowanne ba.

Gado shi ne abin da kowa ke fara koya, kuma shi ne ya fi tsufa. Tun yaren Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a ƙasar Nowe, ake da shi. Ka buɗe aji guda mai suna Mutum, ka zuba layukan arba'in a ciki, sai ka rubuta `class Manomi extends Mutum`, haka Dillali, haka Direba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: duk abin da uba ya iya, ɗa ya iya, ba tare da ka ƙara ko harafi ɗaya ba. Ba zan rage masa daraja ba. Yana da wani alheri da liƙi ba shi da shi, wato yana faɗin ko wane ne abin. Idan wani aiki ya ce Mutum yake so a miƙa masa, kana iya miƙa masa Manomi ko Direba ya karɓa, kuma `instanceof Mutum` zai amsa da gaskiya. Wanda ya zo karanta kod ɗin bayan shekara zai kalli layin farko ya san inda zai nufa.

Da a kan waɗannan ukun aikin ya tsaya, da na ce wa ƙanena ya yi gado mu sha shayi. Amma bayan kwana kaɗan Alhajin da muke yi wa aikin ya kira ya ce shi ma bayanin mota yana so a riƙa rubuta wanda ya canza shi, haka rasit, domin an taɓa sauya masa adadin kwanduna a takarda bayan mota ta tashi. To, mota ba mutum ba ce. Rasit ma ba mutum ba ne. A nan ne mai gado ke faɗawa ɗayan ramuka biyu. Ko dai ya sa Mota ta gaji Mutum don ta samu rajistar canji, sai ta wayi gari da lambar waya da ikon karɓar saƙon tes, abin da ba shi da ma'ana. Ko kuma ya ƙirƙiro kaka, ya kira shi Tushe, ya tura rajistar can sama, kowa ya gaje shi. Wannan na biyun ya fi kama da hankali, shi ya sa ya fi kama mutane. Na sha buɗe manhajojin da aka kawo mini gyara in tarar da irin wannan Tushen ya zama ɗakin shirgi: lissafin kuɗi na ciki, tura saƙo na ciki, buga rasit na ciki, ɗora hoto na ciki. Duk abin da azuzuwa biyu suka buƙata sai a jefa can, har azuzuwa ashirin su gaji abin da biyu kaɗai ke amfani da shi.

Dalilin wannan matsi kuwa a fili yake. PHP uba ɗaya tak ya yarda aji ya yi, haka Ruby, haka JavaScript. Kuma a Laravel duk ajin da ke magana da rumbun bayanai ya riga ya fito daga zuriyar `Model`, saboda haka layin gadonka guda ne, duk abin da za ka raba ta wannan hanya dole ya bi ta cikinsa. Duniya kuwa ba a layi ɗaya take ba. A Farin Gada akwai mutanen da da damina manoma ne, da rani dillalai. Wane aji za ka sa su? Ka buɗe ManomiDillali? Gobe in aka samu dillalin da ke tuƙa motarsa da kansa fa?

Akwai kuma wata cuta ta gado da ba a ganinta sai ta yi ɓarna. A ce uba yana da aikin `ajiye()`, wanda a cikinsa yake kiran `tantance()` kafin ya rubuta komai. Ajin Direba ya sake rubuta nasa `tantance()` don ya tabbatar akwai lambar lasisi. Komai lafiya. Bayan wata shida wani ya shiga ajin uba ya gyara `ajiye()`, ya mayar da tantancewar wani wuri da wani suna. Bai taɓa ajin Direba ba, bai ma buɗe shi ba. Amma daga ranar binciken lasisi ya mutu, babu kuka babu gargaɗi. Ɗa ya dogara da yadda cikin uba yake, ba da abin da uba ya yi alkawari a fili ba. Duk tsawon da layin zuriya ya ƙara, irin wannan dogaro na ɓoye ƙaruwa yake yi.

Sai liƙi, wanda a kod ɗin PHP ake rubuta shi da kalmar `trait`. Ya shigo yaren a fitowa ta 5.4 a shekarar 2012, ko da yake tunanin ya girmi haka: masu bincike a Jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan, ciki har da Nathanael Schärli da Oscar Nierstrasz, sun bayyana shi a 2003, suka gwada shi a yaren Smalltalk. Na kira shi liƙi ne domin abin da yake yi ke nan. Ka rubuta gungun ayyuka a gefe, duk ajin da ya ce `use`, yaren zai ɗauko su ya manna masa a ciki tamkar da hannunka ka rubuta su a wurin.

```php
trait RajistarCanji
{
    abstract public function sunanRajista(): string;

    public function rubutaCanji(string $wa, string $me): void
    {
        // a rubuta suna, wa ya canza, me ya canza, da lokaci
    }
}

class Mota extends Model
{
    use SoftDeletes, RajistarCanji;

    public function sunanRajista(): string
    {
        return 'Mota ' . $this->lambar_mota;
    }
}
```

Dubi yadda ya warware matsalar Alhaji. Mota ta samu rajista ba tare da ta zama mutum ba. Rasit ma haka. Kuma aji ɗaya na iya ɗaukar liƙi biyu ko biyar. Wancan `SoftDeletes` da ke sama na Laravel ne, kuma a ganina shi ne misali mafi kyau na liƙin da aka yi shi daidai: maimakon ya goge bayani daga rumbu, sai ya sa kwanan wata a gurbin `deleted_at`, ya ɓoye layin daga bincike, ya ba ka `restore()` in ka yi nadama. Aikinsa guda ne, buƙatarsa gurbi guda ce a tebur, kuma bai damu da ko mota ce ko manomi ba.

PHP ya yi wani abu da nake yaba masa a kai. Idan liƙi biyu suka zo da aiki mai suna ɗaya, ba ya zaɓa maka. Manhajar tsayawa take yi cak, sai ka fito fili ka ce wanne ne zai yi aiki da kalmar `insteadof`, in kana son ɗayan ma ka raɗa masa sabon suna da `as`. Sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya, kuma kai ne za ka naɗa. Sai dai akwai ƙofar da ya bari a buɗe: idan ajin da kansa yana da aiki mai sunan na liƙin, na ajin ne ke cin nasara, shiru, babu gargaɗi. Na liƙin kuma yana danne wanda aka gada daga uba, shi ma shiru. Wannan jeri, aji sannan liƙi sannan uba, ya kamata ka haddace shi kamar lambar wayarka.

Sauran yarukan suna da ɗan'uwan liƙi, wanda suke kira miksin. Sunan ma daga wani shagon askirim ya samo asali a Somerville ta jihar Massachusetts a Amurka, inda ake barbaɗa wa mai saye ƙarin kayan daɗi a kan askirim ɗinsa, masu yaren Lisp na jami'ar MIT suka ari kalmar. Amma kada kamannin ya ruɗe ka, domin wajen rikicin suna halinsu ya bambanta da na PHP, kuma a nan ne ake jin ciwo.

Python ya yarda aji ya yi iyaye da yawa, miksin a wurinsa uba ne kawai ƙarami. In suna ya zo ɗaya ba ya tsayar da kai, yana bin jerin da ya lissafa ne da wata dabara mai suna C3, wadda ya ɗauka tun fitowa ta 2.3 a 2003. A taƙaice, na hagu yana gaba da na dama, ɗa yana gaba da uba. Kana iya ganin jerin da idonka in ka buga `__mro__` na ajin. Ga inda abin ke da haɗari: a Django, tsarin gina shafukan yanar gizo na Python, akwai `LoginRequiredMixin`, mai hana wanda bai shiga da kalmar sirri ba ganin shafi. Dole ne ya zo a farkon jeri, ta hagu. In ka rubuta `class Rahoto(View, LoginRequiredMixin)`, ka sa shi a dama, `View` zai amsa buƙatar ya gama kafin a kai ga mai gadin, shafin kuma ya buɗe wa kowa. Kod ɗin zai gudu lafiya lau, ba kuskure ko ɗaya a allo. Sauya wurin kalmomi biyu ne kawai tsakanin rahoton kuɗin Alhaji a kulle da rahoton a titi.

A Ruby, wanda Yukihiro Matsumoto ya fitar a 1995, `module` ake rubutawa a jawo shi da `include`, kuma wanda aka jawo daga ƙarshe shi ke danne na farko. Daga fitowa ta 2.0 a 2013 aka ƙara `prepend`, mai shiga gaban ajin kansa. Ruby na da miksin biyu da suka cancanci a yi koyi da su: `Comparable`, wanda in ka rubuta masa aiki ɗaya na kwatanta abu biyu zai ba ka sauran alamomin girma da ƙanƙanta, da `Enumerable`, wanda in ka ba shi `each` zai ba ka tacewa da jerawa da ƙirgawa. Kowannensu abu ɗaya yake nema a wurinka, kuma ya faɗe shi a fili. JavaScript kuwa ba shi da kalma ta musamman, mutane kan yi amfani da `Object.assign` su kwafe ayyuka daga wannan abu zuwa wancan, na baya ya shafe na gaba ba sallama. Masu React, kayan aikin JavaScript na gina fuskar manhaja, sun ɗanɗana wannan sosai. A 2016 suka fito suka ce miksin ya fi cutarwa a kan amfani a manyan manhajoji, saboda dogaro na ɓoye da karon sunaye, kuma a Fabrairun 2019, a fitowa ta 16.8, suka kawo sabuwar hanyar raba aiki ta ƙananan ayyuka da ake kira kai tsaye.

Wannan dogaro na ɓoye shi ne babban aibin liƙi a kowane yare. Da yake an manna shi a cikin aji, yana iya miƙa hannu ya taɓa komai na ajin, har abin da aka ce na sirri ne. Ƙanena ya fara rubuta liƙin tura saƙo, a ciki ya sa `$this->waya`. A teburin manoma gurbin sunansa `waya`, ya yi aiki. A teburin direbobi kuwa `lambar_waya` aka sa masa tun farko. Laravel, in ka nemi gurbin da babu shi, ba ya kuka sai in ka kunna masa tsanantawa da `Model::shouldBeStrict()`. Fanko kawai yake miƙo maka. Saƙo ya tafi zuwa babu kowa. Babu inda aka rubuta cewa wannan liƙi yana buƙatar gurbi mai suna `waya`, sai wanda ya karanta cikinsa layi-layi zai sani. Shi ya sa a misalin da na kawo a sama na sa layin `abstract`: liƙin yana faɗa da bakinsa abin da yake nema, ajin da bai kawo ba kuma PHP ba zai bari ya gudu ba. In za ka yi liƙi, wannan layin kada ya wuce ka.

Abu na biyu, liƙi ba ya ba abu suna. Ba za ka iya cewa wani aiki ya karɓi duk mai RajistarCanji ba, `instanceof` ba ya gane liƙi. In kana son haka sai ka haɗa shi da yarjejeniya, wato `interface`: yarjejeniyar ta faɗi alkawari, liƙin ya cika shi. Na uku kuma, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne liƙi ba ya ciruwa. Da zarar an manna, an manna. Ba za ka ce yau a yi amfani da wannan, gobe da wancan ba.

A kan wannan na ukun ne muka ji jiki. Tura saƙon yana cikin liƙi, liƙin kuma kai tsaye yake kiran kamfanin da ke aika mana da tes. Wani dare muka gudanar da gwaji a kan kwafin bayanan gaske don mu ga ko lissafin biyan kuɗi na tafiya daidai. Lissafin ya yi daidai. Amma kowane gwaji da ya kai ga biya sai da ya tura saƙo na gaske zuwa wayar manomi na gaske. Da gari ya waye wani dattijo ya kira lambar da ke ƙasan saƙon. Ya ce, "Ɗana, an ce kuɗin dankalina sun shiga. Ga ni a wurin mai POS tun ɗazu, ya duba sau biyu ya ce babu komai." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, kuskure daga wurinmu ne, kuɗinka ba su taso ba tukuna." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah ya kyauta. Na biya kuɗin mashin na zo." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Mutumin nan ya baro gonarsa cikin sanyi saboda ya yarda da saƙonmu. Mun biya shi kuɗin mashin, mun bi sauran ɗaya bayan ɗaya mun ba su haƙuri, amma yarda ba a mayar da ita da kuɗin mashin.

A ranar muka mayar da tura saƙo zuwa haya. Abin da nake nufi da haya shi ne aji ya daina cewa ni ne mai aikin, ko an manna mini aikin, ya koma cewa ina da wanda ke yi mini. Kamar yadda dillali ba ya zama ɗan dako don yana da buhunan da za a ɗauka. Yana kiran ɗan dako ne, ya biya shi, gobe in ya ga dama ya kira wani.

```php
interface MaiTuraSako
{
    public function tura(string $lamba, string $sako): void;
}

class SanarDaBiya
{
    public function __construct(private MaiTuraSako $masinja) {}

    public function yi(Mutum $mutum, int $kobo): void
    {
        $this->masinja->tura($mutum->lambarWaya(), rubutaNaira($kobo));
    }
}
```

Wannan gajeren salon rubuta magini, wato aikin `__construct` da ke gudu lokacin da ake ƙera sabon abu daga aji, PHP 8.0 ne ya kawo shi a ƙarshen 2020, ya rage wahalar haya ƙwarai. Yanzu masinja biyu muke da su. Ɗaya na gaske, mai kiran kamfanin tes. Ɗaya na gwaji, wanda ba ya aika komai, sai dai ya rubuta a jeri cewa an ce ya tura kaza zuwa ga wane. Lokacin gwaji shi ake miƙa wa `SanarDaBiya`, mu duba jerin mu ga ko daidai ne, wayar Baba kuma tana aljihunsa shiru. Ajin bai san bambancin ba, yarjejeniya kawai ya sani.

Wata fa'ida ta fito da ba mu yi tsammani ba. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160 ne in duk haruffan suna cikin jerin GSM na asali. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin jerin, alamar ₦ ma haka. Ko ɗaya ta shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kacal, abin da ya wuce nan a tsaga shi gida-gida, kowane gida kuma kuɗinsa daban. Alhaji ya ga kuɗin tes na tashi ya tambaya. Da tura saƙon yana warwatse a cikin azuzuwa, da gyaran ya zama farauta. Da yake yana hannun masinja ɗaya, sai muka rubuta masinja na uku wanda ke tsayawa gaban na gasken, ya mayar da ƙ zuwa k, ɗ zuwa d, ₦ zuwa N, sannan ya miƙa. Manomi da Dillali da Direba ba a taɓa ko layi ɗaya a cikinsu ba. Ina son haruffanmu, kuma a rasit ɗin da ake bugawa mun bar su yadda suke, amma a tes kuɗin Alhaji ne ke tafiya, shi ya zaɓa.

Shawarar fifita haya a kan gado ba sabuwa ba ce. Erich Gamma da abokan rubutunsa uku sun ba da ita a littafinsu kan tsara manhaja tun 1994. Amma masu maimaita ta kan ɓoye kuɗinta, ni kuwa ba zan ɓoye ba. Haya tana ƙara yawan fayiloli. Abin da liƙi zai gama a fayil ɗaya, haya na iya cin uku: yarjejeniya, mai aikin gaske, da wurin da ake haɗa su. Sabon shiga yana buɗe aji ya ga `$this->masinja->tura()`, ya danna, ya faɗa kan yarjejeniya marar ciki, ya rasa inda aikin yake. Ƙanena ya ce mini, "Yaya, da can ina ganin komai a wuri ɗaya, yanzu sai na yi ta yawo." Gaskiya ya faɗa. Laravel yana sauƙaƙa wani ɓangare, domin in ka gaya masa sau ɗaya wane aji ne ke cika wace yarjejeniya, shi zai riƙa miƙa shi duk inda aka nema. Duk da haka yawon na nan. Wanda ya ce zai yi wa kowane ƙaramin abu yarjejeniya da masinja, zai gina gidan sama don ajiye kwando ɗaya. Ta fuskar sauri kuwa kada ka ɓata lokacinka, bambancin da ke tsakanin ukun bai kai ƙura ba in aka kwatanta da jiran rumbun bayanai ko intanet.

Akwai abin da na lura da shi a cikin Laravel kansa da ya daidaita mini tunani. Liƙinsa na `Notifiable`, wanda ke ba ajin mai amfani aikin `notify()`, in ka buɗe cikinsa za ka ga kusan ba ya yin komai. Miƙa sanarwar yake yi ga wani ma'aikaci daban da ke bayan fage, wanda ake iya sauyawa, shi ya sa `Notification::fake()` ke iya tare saƙonni lokacin gwaji. Wato liƙin ƙofa ce kawai, aikin yana hannun ɗan haya. In kana son daɗin rubuta `$manomi->sanar()` a taƙaice, wannan ita ce hanyar samunsa ba tare da ka ɗaure kanka ba.

Hanya ta huɗu ita ce aiki zalla, wanda ba ya cikin kowane aji. Daidaita lambar waya misali ne: lambobinmu goma sha ɗaya ne masu farawa da sifili, kamfanin tes kuma yana son a cire sifilin a sa 234 a gaba. Ka ba shi rubutu, ya ba ka rubutu. Bai san manomi ba, bai san direba ba, ba ya tuna komai. Haka `rubutaNaira()` da ke cikin misalin sama, mai karɓar kobo ya fitar da naira da waƙafi. Da kobo muke ajiye kuɗi, lamba cikakkiya, domin lissafin ɗigo a kwamfuta ba ya cika: a JavaScript ko Python ka tara 0.1 da 0.2 ka ga 0.30000000000000004. Irin waɗannan ayyuka in ka cusa su a uba ko a liƙi ka ba su hannun taɓa abin da ba ruwansu da shi. Ka bar su a waje, gwajinsu layi ɗaya ne.

To, in ka zauna gaban naka layukan arba'in, kada ka nemi gida ɗaya da zai ɗauke su duka. Kuskurenmu na farko ke nan, mun ɗauka abu ɗaya ne alhali abu huɗu ne aka cakuɗa. Ka tsattsaga su, ka yi wa kowane yanki tambaya. Shin yana buƙatar sanin wani abu game da ajin? In a'a, aiki zalla ne. Shin yana magana da waje, kamar tes, banki, imel, agogo, ko yana da nasa saituna, ko akwai ranar da za ka so sauya shi? In e, haya ce, ko da kuwa yau ɗaya tak kake da shi, domin na gwaji shi ne na biyu. In ƙaramar ƙwarewa ce da azuzuwan da ba dangin juna ba ke so, kuma abin da take nema a wurinsu bai wuce ɗaya ko biyu ba, kuma za ka iya rubuta shi a fili, liƙi ya dace. Gado kuwa sai in za ka iya cewa wannan irin wancan ne, yau da gobe da baɗi, kuma duk inda aka sa uba za a iya sa ɗa komai bai karye ba. Ni ba na wuce hawa ɗaya a ƙarƙashin `Model` sai da dalili mai ƙarfi. In kuma Python kake rubutawa, ka ƙara taka-tsantsan da miksin fiye da mai PHP, tunda yarenka ba zai tsayar da kai ba in sunaye suka yi karo.

A manhajar Farin Gada ga inda muka tsaya. Mun rushe Manomi da Dillali da Direba a matsayin 'ya'ya. Aji ɗaya ne yanzu, Mutum, kuma kowane mutum yana riƙe da jerin sana'o'insa, saboda haka mai noma da damina da dillanci da rani ya samu wurin zama ba tare da an yi masa rajista sau biyu ba. Rajistar canji liƙi ce, tana kan Mutum da Mota da Rasit. Lambar waya da naira ayyuka ne zalla. Gado ya rage a wuri ɗaya: Rasit uba ne, rasit ɗin saye da na sayarwa 'ya'yansa ne, domin su kam rasit ne ta kowace fuska. La'ada ce ta fi ba mu gardama. Ƙanena ya so ya yi mata liƙi, na ce ya je kasuwa ya tambaya tukuna. Ya dawo da yamma da takarda a hannu: a wurin dillalanmu ta tumatir a kan kwando ake yanke ta, ta dankali a kan buhu, kuma wani babban mai saye yana da tasa yarjejeniyar daban da Alhaji. Bai ce mini komai ba, ya zauna ya buɗe sabon fayil, ya rubuta `interface MaiLissafinLaada`.